Keke a Damana: Yadda Za Mu Hana Ƙafar Gaba Zamewa



Idan damana ta sauka, keke yana cikin manyan abokan aikin manomi. Da shi muke zuwa gona mai nisa. Da shi muke ɗauko iri da takin zamani. Da shi muke kai kaya kasuwa. Da shi kuma muke kai yaro gidan likita idan zazzaɓi ya kama shi. Amma ruwan sama yana sauya hanya. Wurin da muka bi lafiya da rani, yana iya kayar da mu cikin watan Agusta.

Wani ɗalibinmu na yaƙi da jahilci ya taso daga kasuwa bayan ruwan la'asar. Ya ɗauro buhun taki mai kilo 50 a bayan kekensa. A gangaren fadama akwai kwana. Yana cikin kwanar sai ya matse birkin gaba. Nan take ƙafar gaba ta zame, ya faɗi bisa hannu, wuyan hannunsa ya karye. Lokacin noman farko ne. Ya yi sati shida bai riƙe hauya ba. Ba don gayyar da maƙwabta suka yi masa ba, da ciyawa ta cinye gonar.

Faɗuwar minti ɗaya tana iya taɓa abincin shekara. Shi ya sa darasinmu na yau yake magana a kan abu guda: yadda za mu sa ƙafar gaba ta kama ƙasa sosai a lokacin ruwa.

ME YA SA ƘAFAR GABA?

Keke yana da ƙafa biyu, kowace da aikinta. Ta baya ita ce mai tura keke. Ta gaba ita ce mai ja-gora, ita ce kuma take riƙe mahayi a tsaye. Idan muka karkata hagu kaɗan, hannunmu yana juya ƙafar gaba hagu kaɗan, sai mu daidaita. Muna yin haka kullum ba tare da mun lura ba.

Idan ƙafar baya ta zame, sau da yawa mahayi yana iya daidaitawa, ko ya sa ƙafarsa ƙasa. Idan ta gaba ta zame, babu abin da zai daidaita shi. Kafin ya ankara yana ƙasa. Saboda haka, a damana, ƙafar gaba ce ta fi cancantar kulawa.

Abu huɗu ne suke sa ta kama ƙasa ko ta zame: taya, iska, nauyi, da birki. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Amma da farko mu san kekenmu, mu kuma san ƙasar da muke takawa.

KEKE IRI BIYU

A ƙauyukanmu muna da keke iri biyu. Akwai dogon baƙin keke na da, mai siririyar taya, wanda ya iya ɗaukar kaya. Akwai kuma keke mai kaurin taya da giya da yawa, wanda ake kira VTT da Faransanci, wato keken da yake bin kowace irin ƙasa. An ƙirƙiro shi a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, cikin shekarun 1970. Wasu samari ne suke gangaro duwatsu da tsofaffin kekuna, sai suka riƙa gyara su don su jure hanya maras kyau. A shekarar 1981 aka fara ƙera shi da yawa don sayarwa. A shekarar 1996 tserensa ya shiga wasannin Olamfik a birnin Atlanta.

Masu tseren nan sun daɗe suna fama da taɓo da jiƙaƙƙen dutse. Dabarun da suka gano suna da amfani ga manomi. Mafi yawan abin da za mu faɗa ya shafi VTT, amma mai baƙin keke ma zai ƙaru.

MU SAN ƘASAR DA MUKE TAKAWA

Manomi ya san ƙasa fiye da kowa. Wannan sani yana yi masa aiki a bisa keke.

Jigawa: yashi ne. Da rani yana riƙe taya, tafiya ta yi wuya. Idan ya sha ruwa sai ya daddale, keke ya bi shi cikin sauƙi. Hatsarinsa kaɗan ne, sai dai inda ruwa ya tara yashi mai laushi a gindin gangare.

Fadama: laka ce. Idan ta jiƙe tana santsi kamar sabulu, tana kuma manne wa taya. Irinta muke gani a bakin Gulbin Maraɗi, da kwarin Maggiya a jihar Tawa, da ƙoramun kudancin Damagaram.

Fako: ƙasa ce mai tauri wadda ruwa ba ya shigarta da wuri. Samanta kaɗai yake jiƙewa, ƙarƙashi yana nan da tauri. Ido yana ganin hanya mai kyau, alhali santsi ne shimfiɗe. Fako ya fi yaudarar mahayi.

Dutse da saiwar itace: idan sun jiƙe, roba ba ta kama su sosai.

Kwalta: ta fi santsi a farkon ruwa, domin ruwan yana taso da ƙura da man da motoci suka zubar. Farin fentin da aka ja bisa hanya da murfin ƙarfe su ma suna da santsi.

ABU NA FARKO: TAYA

Mu dubi tayar VTT da kyau. Tana da haƙora na roba. Na tsakiya suna aiki idan ana tafiya miƙe ko ana kama birki. Na gefe suna aiki a kwana, lokacin da keke ya karkata. Idan haƙoran gefe suka cinye ko suka tsattsage, keke zai tafi lafiya a miƙaƙƙiyar hanya, amma zai zame a kwana.

Ga abin da ya kamata mu kiyaye:

1. Taya mafi kyau ta zauna gaba. Tayar baya ta fi saurin cinyewa, shi ya sa da yawanmu muke sa sabuwa a baya. A damana mu juya wannan al'ada. Idan kuɗin taya ɗaya gare mu, mu sa sabuwar a gaba, mu mayar da ta gaban baya idan tana da sauran ƙarfi.

2. Domin laka, mu zaɓi taya mai dogayen haƙora masu tazara. Laka tana fita daga tsakaninsu idan ƙafa tana juyawa. Taya mai ƙananan haƙora a matse tana cika da laka, ta koma sumul.

3. Mu danna haƙori da farce. Roba mai ɗan laushi ta fi kama jiƙaƙƙen wuri. Tsohuwar roba tana bushewa, ta yi tauri, ta tsattsage. Rana ce take saurin tsufar da ita. Mu riƙa aje keke a inuwa.

4. Mu duba gefen taya. A jikin tayoyi da yawa akwai kibiya. Idan keke yana tafiya gaba, ƙafa ta juya inda kibiyar ta nuna. Idan an sa taya a juye, mu sa mai gyara ya mayar da ita daidai.

5. Mu karanta lambar girma kafin mu saya. Misali, idan an rubuta 26 x 2.10, lamba ta farko girman ƙafa ce, ta biyu kuma kaurin taya. Ƙafafun VTT sukan zo da lamba 26, ko 27.5, ko 29. Ta baƙin keke yawanci 28 ce. Mu rubuta lambar a takarda, mu tafi da ita kasuwa. Ga wani amfanin karatu ke nan.

ABU NA BIYU: ISKA

Da yawanmu muna hura taya har ta yi tauri kamar dutse. Muna cewa haka keke ya fi gudu. A jiƙaƙƙiyar hanya wannan kuskure ne. Taya mai tauri ƙwarai ɗan wuri kaɗan take taɓa ƙasa, tana kuma tsalle bisa tsakuwa. Duk lokacin da ta yi tsalle, ta saki ƙasa ke nan.

Mu yi ɗan lissafi. A ce mahayi yana da kilo 65, keke yana da kilo 15. Jimla kilo 80. Idan yana zaune bisa sirdi, wajen kashi 6 cikin 10 na nauyin yana kan ƙafar baya, kashi 4 yana kan ta gaba. Ke nan ƙafar gaba tana ɗauke da wajen kilo 32.

Ana auna iskar taya da ma'aunin da ake kira bar. Bar 1 yana ɗaukar kusan kilo 1 a bisa ɗan fili mai tsawon santimita 1 da faɗin santimita 1, wato kamar farcen ƙaramin yatsa. Idan taya tana da bar 4, mu raba 32 gida 4: mun sami 8. Wurin da taya take taɓa ƙasa kamar farce 8 ne. Idan tana da bar 2, mu raba 32 gida 2: mun sami 16. Wurin ya ninka, ya kai kusan girman kwalin ashana. Haƙora da yawa ke nan suka shiga ƙasa.

Ga VTT mai kaurin taya, da mahayi matsakaici, ba tare da kaya ba, bar 2 zuwa 2 da rabi yakan isa a hanyar ƙauye. Ta gaba ta ɗan fi ta baya laushi, tunda nauyinta bai kai na baya ba. A gefen taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Wani lokaci an rubuta da bar, wani lokaci da PSI. PSI 30 ya yi kusan bar 2. Mu kiyaye abin da aka rubuta.

Idan babu ma'auni, babban yatsa ya isa. Mu danna tayar gaba da ƙarfi: ta ɗan lotsa kaɗan. Mu hau keke, mu sa wani ya duba: taya ta ɗan baje, amma ƙarfen ƙafa ya kasance nesa da ƙasa.

Hattara: kada a rage iska fiye da kima. Idan ta yi kaɗan, ƙarfen ƙafa zai matse robar ciki bisa dutse, ya yi mata huda biyu kamar saran maciji. Taya kuma za ta riƙa lanƙwashewa a kwana. Siririyar tayar baƙin keke tana buƙatar iska fiye da ta VTT, don haka kaɗan ƙwarai za a rage mata. Idan akwai kaya mai nauyi, tayar baya ta zauna da ƙarfinta.

ABU NA UKU: NAUYI

Taya tana kama ƙasa gwargwadon nauyin da yake danna ta. Mu gwada da takalmin roba. Mu aje shi bisa jiƙaƙƙen daɓe, mu tura shi da yatsa: zai tafi. Mu taka shi, mu sake turawa: ba zai motsa ba. Haka ƙafar gaba take. Idan babu nauyi a kanta, ko sabuwar taya ba za ta hana ta zamewa ba.

Abin da ya sami ɗalibinmu ke nan. Buhun da ya ɗaura ya zarce baya, ya ɗage gaban keke. Duk wanda ya taɓa ɗauko jarka biyu ta ruwa a baya ya san yadda hannun keke yake rawa. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Biyu sun yi kilo 50.

Saboda haka:

1. Mu matso da kaya kusa da sirdi. Kada su zarce tsakiyar ƙafar baya.

2. Mu raba kaya dama da hagu daidai, mu sa su ƙasa-ƙasa, mu ɗaure tamau.

3. Kada mu rataya kaya mai lilo a hannun keke. Yana fizgar ƙafar gaba.

4. Ranar da aka yi ruwa, mu rage kaya. Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da karaya.

Zaman mahayi ma nauyi ne. Tsoro yana sa mutum ya ja jiki baya, ya miƙe hannuwa. Wannan yana ƙara sauƙaƙa gaban keke. Abin da ya dace shi ne mu lanƙwasa gwiwar hannu, mu ɗan sunkuyo da ƙirji wajen hannun keke, mu riƙe shi da kyau ba tare da ƙanƙamewa ba. Idan hanya ta yi muni, mu sassauko da sirdi kamar faɗin yatsa biyu, don ƙafa ta kai ƙasa da sauri.

ABU NA HUƊU: BIRKI

Da farko kowa ya san wane hannu ne yake kama birkin gaba. Kekuna sun bambanta. A wasu hagu ne, a wasu dama ne. Mu tura keke a tsakar gida, mu matse ɗaya bayan ɗaya, mu gani. Mu yi haka duk lokacin da muka ari keken wani.

A busasshiyar hanya birkin gaba ya fi ƙarfin tsayar da keke. A wuri mai santsi kuwa, idan aka fizge shi, ƙafa za ta daina juyawa. Ƙafar da ba ta juyawa ba ta ja-gora, sai zamewa. Mu matse birki biyu tare, sannu a hankali, kamar mai tatsar nono. Idan muka ji gaba ya fara zamewa, mu saki birkin gaba nan da nan.

Ruwa yana rage ƙarfin birkin da yake kama gefen ƙarfen ƙafa. Sai ƙafa ta juya sau da dama kafin robar birki ta share ruwan. Ƙafar baƙin ƙarfe mai ƙyalli ta fi ta alminiyam wannan matsala. Birki mai faifai a tsakiyar ƙafa ya fi aiki cikin ruwa, amma ƙarfinsa yana buƙatar hannu mai taushi. Kada mai ya taɓa faifan. Kowane iri muke da shi, mu fara rage gudu tun daga nesa. Bayan mun ratsa ruwa, mu ɗan matsa birki muna tafiya har ya bushe.

YADDA AKE SHAN KWANA

Taya ba ta iya yin aiki biyu masu nauyi a lokaci ɗaya. Idan tana juya keke, kada a ɗora mata tsayarwa. Ga tsarin:

1. Mu rage gudu tun kafin kwana, keke yana miƙe.

2. Mu sassauta birki idan mun shiga.

3. Mu sa fedar waje a ƙasa, mu taka ta da ƙarfi. Idan za mu juya hagu, fedar dama ce a ƙasa.

4. Mu dubi inda muke son zuwa. Keke yana bin ido. Wanda ya ƙura wa rami ido, cikinsa zai shiga.

5. Mu buɗe kwana da faɗi, kada mu murɗa hannun keke da gaggawa.

Idan muka tarar da sawun amalanke, ko saiwa, ko bakin kwalta, mu ratsa shi kai tsaye, a gicciye. Wanda ya hau shi a karkace, ƙafar gaba za ta bi shi ta gudu.

INDA YA KAMATA A SAUKA

Sauka daga keke ba abin kunya ba ne. Mu sauka mu tura a waɗannan wurare:

1. Gangaren laka mai tsayi, musamman idan muna ɗauke da mutum.

2. Simintin mashigar ruwa wanda ya yi gansakuka.

3. Kududdufin da ba mu ga ƙasansa ba.

Ruwa mai gudu kuwa, kada mu shige shi, ko bisa keke ko a ƙafa. Ƙorama tana iya cikowa farat ɗaya da ruwan da aka yi nesa, ko da sama tana garau a inda muke. Mu jira ya janye. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

DUBAWA KAFIN TASHI

Minti biyu sun isa:

1. Mu danna tayoyi biyu.

2. Mu ɗaga gaba, mu juya ƙafa, mu ga ko tana tafiya daidai. Mu girgiza ta gefe da gefe. Idan tana motsi, a ɗaure ta.

3. Mu matse birkin gaba, mu tura keke gaba da baya. Idan wuyan keke yana ƙwas-ƙwas, ya saki, a kai wa mai gyara.

4. Mu dubi robar birki. Idan ta cinye, a sauya. Yashi da ruwa suna cin ta da sauri a damana.

5. Mu ƙwaƙule lakar da ta maƙale tsakanin taya da jikin keke. Idan ta taru tana iya tsayar da ƙafa.

Bayan tafiya, mu wanke keke, mu tsane sarƙa, mu ɗiga mata mai kaɗan.

IDAN AN FAƊI

Mu wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, har ƙasa ta fita duka. Mu rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin dabba, ko baƙin mai. Ƙwayar cutar tetanos tana zaune cikin ƙasa da taki. Cuta ce mai ƙulle muƙamuƙi, mai sandarar da jiki, tana kuma kisa. Allura tana rigakafinta. Mu je gidan likita a duba raunin, a gaya mana ko muna buƙatar allura.

Idan hannu ya kumbura, ko ya karkace, ko ba ya motsi, a tallafe shi da ƙyalle a wuya, a tafi gidan likita. Idan kai ya bugu, sai mutum ya suma, ko yana amai, ko barci yana rinjayarsa, ko maganarsa ta rikice, a kai shi ba tare da jinkiri ba. Wanda yake da hular kwano ya riƙa sa ta, ya ɗaure igiyarta.

TAMBAYOYI DOMIN MAHAWARA

Mu karanta wannan darasi tare da waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, sa'an nan mu amsa:

1. Don me zamewar ƙafar gaba ta fi ta baya hatsari?

2. Idan muka sayi taya ɗaya sabuwa a damana, ina za mu sa ta?

3. Wane hannu ne yake kama birkin gaba a kekenmu?

4. Ƙafar gaba tana ɗauke da kilo 36, taya tana da bar 3. Farce nawa ne girman wurin da take taɓa ƙasa? Idan aka mayar da iska bar 2 fa?

5. Waɗanne wurare ne suka fi santsi a hanyar garinmu zuwa kasuwa da zuwa gidan likita? Mu rubuta sunayensu, mu sanar da samari.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kai mu gona lafiya, ya dawo da mu gida lafiya. Amin.